Kiɗan Nan Take a Ƙaramin Zaure

  Ina gaida mutanen Gidan Sori da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Gidan Rumji, da Tsibirin Gobir, da Cadakori, da Saye Sabuwa. Ina miƙa gaisuwa gabas, wajen mutanen Cadawa da Agye da Gazawa. Manoma, sannunku da aikin kaka, Allah ya sa albarka a abin da aka ɗaure.

Yau maganar kiɗa za mu yi. Na san akwai dattijon da zai gyara zama ya ce, ga tsadar hatsi, ga ɓarayin shanu, me ya kai mu ga kiɗa? Baba, a yi mini haƙuri na ƴan mintoci. Kiɗa sana'a ce, akwai gidajen da da ita suke ci, kuma abin da zan faɗa ya shafi ƴaƴanmu da ke zaune a fada tun hantsi har dare, ba aikin fari ba na baƙi, sai dafa shayi.

Tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa ita ce: yaushe rabonka da ka zauna ka ga makaɗa da idonka suna kiɗa? A yawancin bukukuwanmu na yanzu, manyan lasifika biyu ake ɗorowa a amalanke, a tayar da janareta, yaro ɗaya ya zura kati a na'ura, shi ke nan an gama shiri. Waƙar da aka ji a bikin Gazawa ita za a ji a sunan Gidan Sori, har wurin da mawaƙin ya ja numfashi bai sauya ba. Ko da an yi ƙoƙari an gayyato mawaƙin da kansa, sau da yawa waƙarsa ake sakawa, shi kuma ya riƙe abin magana yana motsa baki. An zo kallon mutum, an koma gida da abin da tun farko yake cikin salula.

Mu tuna abin da muka gada. Waƙar baka ta Hausa tana da gindi, tana da ɗiya. Gindin yana hannun ƴan amshi, suna komawa kansa a kai a kai. Ɗiyan kuwa na jagora ne, yana ɗora su yadda wuri ya ba shi. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano sun daɗe da bayyana wannan tsari a rubuce. Waƙar da aka gina haka ba ta da ranar gamawa. Marigayi Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa da ya rasu a 1999, an san shi da haɗa waƙa a filin wasa: kalangu na tashi, baki na buɗewa. Ku ɗauko kaset biyu na Bakandamiyarsa da aka ɗauka a wurare daban-daban, za ku tarar da ɗiyan da ke cikin wannan babu su a wancan. Haka Musa Ɗanƙwairo da yaransa, masu karɓe magana daga bakinsa su ƙarasa masa kafin ya sauke numfashi. Haka makaɗin kokawa a filin Kantu na Maraɗi, wanda da ya hango ɗan kokawar da ya shigo sai ya juya take. Haka makaɗin gayya, da ke lura da wanda kwibinsa ya fara sanyi a kuyya ya zuga shi da sunan ubansa. Duk waɗannan, ido suke kiɗa da shi kafin hannu.

Wannan gado bai tsaya ga kalangu da goge da gurmi ba. Ya shiga kayan kiɗan zamani, kuma na ga hakan da idona. Wani dare na halarci wasan wata ƙungiya a wani ƙaramin zaure cikin Maraɗi. Zaure ne na bencina, da fanka biyu da ke juya iska mai zafi, dandamalin kuwa bai fi tsawon gwiwa ba. Wanda ke sahun gaba, in ya miƙa hannu zai taɓa wayar gita. Makaɗan su bakwai ne: masu gita biyu, mai bas, mai ganguna, mai kalangu, da mawaƙa biyu.

Suka ɗauko wata waƙa da kowa ya sani, wadda a kaset ba ta wuce ƴan mintoci ba. Da mawaƙin ya kai ƙarshen baitocinsa, maimakon a tsaya, sai ya ja da baya ya goge zufa. Mai bas ya kama wani gajeren amo ya riƙe, yana maimaita shi bai ƙara ba bai rage ba. Babban mai gita ya matso kusa da mai kalangu ya jefa masa wata ƴar jimla da tsirkiya. Mai kalangu ya matse tsarkiyar kalangun a hammata, ya mayar masa da ita daidai, har da lanƙwasar ƙarshe. Mai gita ya yi dariya, ya jefa wata wadda ta fi ta tsawo da karkacewa. Mai kalangu ya mayar, ya ɗora ƙari nasa a kai. Nan zauren ya ɗauka. Wata uwa daga baya ta rangaɗa guɗa, samari suka miƙe tsaye.

Ana cikin haka tsirkiya ɗaya ta gitar ta tsinke. Ba wanda ya dakata. Mai gitar ya kalli na biyu, ya ɗaga gira, na biyun ya karɓi gaba. Wani yaro da ke tsugune gefen dandamali, wanda tun farkon dare aikinsa naɗe waya da miƙa ruwa, ya zaro sabuwar tsirkiya daga aljihu, ya zura, ya ɗaure, ya kara kunnensa a jikin katakon yana murɗawa har ta zauna. A daidai lokacin mawaƙin ya hango wani ɗan kasuwa ya taso da kuɗi a hannu zai yi liƙi, sai ya dawo gaba ya saka garinsu da sana'arsa cikin waƙar, ƴan amshi suka karɓa kamar sun kwana suna bita. Da gitar ta dawo hannun mai ita, ya ɗaga wuyanta sama. Wannan ce alamarsu. Kowa ya sassauta, ya rage daga bas sai tafin jama'a. Suka bar mu muna tafi har muka fara zargin an manta da mu, sannan mai ganguna ya buɗe wuta, aka koma gindin waƙa gaba ɗaya. Waƙar ƴan mintoci ta kusa cin rabin awa, kuma da bugun ƙafa ɗaya na shugabansu aka yanke ta.

Jama'a, bambancin wannan da waƙar kati shi ne bambancin furar da aka dama a gabanka da wadda aka ƙulla a leda tun safe. Mai dama maka tana kallon fuskarka, ta ƙara nono, ta rage ruwa. Ta leda kuwa, yadda aka ƙulla wa na gabanka haka aka ƙulla maka.

To me ya sa nake nanata ƙaramin zaure? Don wannan irin kiɗa ba ya yiwuwa sai makaɗi na ganin fuska. A babban filin wasa, inda dubban mutane suka taru, fitila na haske masa ido, ƴan sanda sun shiga tsakaninsa da jama'a, abin da yake gani duhu ne mai motsi. Dole ya yi abin da ya shirya, ya gama a lokacin da aka yanka masa, ya ba wani wuri. A ƙaramin zaure kuwa yana ganin wanda ya fara hamma, yana ganin wadda ƙafarta ta fara motsi, ya san inda zai tsawaita da inda zai gajarta. Mai kallo ma yana da hannu a waƙar: guɗarsa, tafinsa, liƙinsa, har shirunsa, duk suna juya akalar makaɗi. Sannan a irin wannan wuri kuskure ba ya ɓuya. Wanda bai iya ba, kowa zai ji. Shi ya sa ƙaramin zaure yake makaranta. Yaron nan mai naɗe waya yana karatu ne, kuma in da rai da lafiya, wata rana shi za a miƙa wa gitar.

Kada wani ya ɗauka wannan abin ƙauye ne da duniya ta wuce. A Amurka an yi wata ƙungiya mai suna Grateful Dead, da ta kafu a jihar Kalifoniya a 1965 ta ci gaba har rasuwar jagoranta Jerry Garcia a 1995. Sun yi wasa fiye da sau 2,000, kuma sunansu ya ginu ne a kan cewa ba sa buga waƙa yau yadda suka buga ta jiya. Masoyansu kan bi su gari-gari, su kuma suka ƙyale mutane su ɗauki wasan a kaset su yi musaya a tsakaninsu, don sun san wanda ya ji kaset ɗin jiya zai so ya zo ya ji na gobe. A Legas, marigayi Fela Kuti yana da gidan wasansa da ake kira Shrine, inda waƙa ɗaya kan kai rabin awa. Al'adarsa ita ce ya yi ta buga sabuwar waƙa gaban jama'a har ta nuna, sannan ya shiga situdiyo ya ɗauke ta, kuma da ta fita a faifai ya daina buga ta.

Mu dawo gida Nijar. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda Hamadal Isufu Mumin da aka fi sani da Almeida ya kafa a 2000, ta yi suna da wasa dare biyar a mako, kowane dare kamar awa biyar, cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, kalangu na gogayya da gita. Da faifansu Kaani ya fita ƙasashen waje a 2013, Turawa suka riƙa mamakin yadda hannayensu suka haɗu. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yawan dararen da suka kwashe gaban jama'a. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. Faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula. Amma abin da ya sa yau ake cika zaure a Amurka da Turai don a gan shi, hannun da ya gogu ne a bukukuwan aure. Haka ƴan Etran de l'Aïr na Agadas, ƴan uwan juna ne da suka shafe shekaru suna kiɗan biki kafin duniya ta ji labarinsu. Abin da muke yarwa muna ɗaukar kati, shi ne wasu ke sayen tikiti da tsada su je su gani.

Kuma mun taɓa samun tsarin da ke renon irin waɗannan makaɗa. Dattawanmu sun tuna zamanin samariya a mulkin Janar Saini Kunce, lokacin da kowace unguwa da kowane gari ke da ƙungiyar wasa, ana gasa tun daga ƙauye har zuwa bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976. Akwai gidajen matasa da al'adu a manyan garuruwa. Na Maraɗi shi ke ɗauke da sunan Bawa Ɗan Wardanga. A 1987 aka ƙirƙiro gasar Ɗan Gurmu ta kiɗan zamani, da sunan shahararren mawaƙin nan na Tawa, jihohi suka riƙa tura ƙungiyoyinsu. A irin wannan yanayi marigayi Sa'adu Bori ya taso a Maraɗi, ya ɗauko amon gargajiyar ƙasar nan ya ɗora a kan gita. A 1994 shi da Musa Pusi suka fitar da faifan Niamey Twice da ya kai sunan Nijar Turai. Ya rasu a hatsarin mota a 2008, Allah ya jiƙansa. Shekara guda bayan wancan faifai, a 1995, Yakuba Mumuni mai sarewa ya kafa ƙungiyar Mamar Kassey a Yamai. Ba daga sama waɗannan mutane suka faɗo ba. Akwai dandamalin da suka hau suna yara, akwai jama'ar da ta yi musu tafi, ta kuma yi musu ihu ranar da suka kasa.

Me ya sauya? Kuɗi da na'ura. Da piyano da kwamfuta suka shigo situdiyo, mutum ɗaya ya iya fitar da sautin ganguna da gita da sarewa shi kaɗai cikin yini guda. Waƙoƙin finafinan Kano suka mamaye kasuwa, daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa kati. Ban raina wannan ba. Ya buɗe wa yara da yawa ƙofa, cikinsu har da ƴan ƙasar nan irin su Fati Nijar, ƴar Maraɗi da ta yi suna a Kano. Amma ku duba lissafin uban biki. In ya kira ƙungiya, mutum bakwai ne ko takwas, da motar da za ta kawo su, da abincinsu, da masaukinsu, da sallamarsu. In ya kira mai lasifika, mutum ɗaya ne da man janareta. A shekarar da damina ta yi gardama, wa zai ga laifinsa? Sai dai kowane biki da aka yi da kati, makaɗi ɗaya ya rasa wurin gwada hannunsa. A hankali mai goge ya rataye gogensa, ɗansa ya kama kabu-kabu ko ya tafi ci-rani Agadas ko Libiya, mai sassaƙa kalangu ya koma sassaƙa turmi.

Akwai maganganu uku da na san za a yi mini, kuma dukkansu masu nauyi ne.

Ta farko ta malamanmu ce, Allah ya ƙara musu lafiya. Ba ni da hurumin fatawa, wannan fagensu ne. Amma in ka saurari kukan iyaye da kyau, za ka ji abin da ya fi damunsu: shaye-shaye, cakuɗuwar maza da mata cikin duhu, batsa a baki, da wasan da ke cinye lokacin salla. Waɗannan duk sun fi samun gindin zama a wasan titi da ake kwana ana yi ba mai tsawatarwa. Zaure mai ƙofa ɗaya, mai fitila, da gefen mata da gefen maza, da dattawan gari a sahun gaba, ya fi sauƙin tsarewa. Mawaƙin da ke kallon idon sa'an mahaifinsa ba zai saki baki ba. Kati kuwa ba ya jin kunyar kowa.

Ta biyu tsaro. Mu da ke gundumar Gidan Rumji ba sai an ba mu labari ba. Tun 2019 dubban ƴan uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako nan da Madarumfa suna gudun ƴan bindiga, kuma mu kanmu masu satar mutane da dabbobi ba su ƙyale mu ba. Taron dare a wasu garuruwa ganganci ne. To wa ya ce sai da dare? A fara bayan la'asar, a tashi kafin kiran magariba, kowa ya isa gida da ido. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Sannan mu tuna, ƙasar da baƙin nan namu suka baro ita ta haifi Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ita ta haifi Ɗanƙwairo. Ya kamata a bincika ko cikinsu akwai masu hannu da ke zaune shiru, a ba su wuri.

Ta uku kuɗi. Mu yi lissafi a fili. In mutum 200 suka shiga zaure, kowa ya biya dala 40, an tara jika 40, ban da liƙi. Ba dukiya ba ce, amma ta isa man janareta, da motar makaɗa, da ɗan abin da kowa zai kai gida. In ana yin haka a kai a kai lokacin kaka, sa'ad da an sayar da wake da gyaɗa da aya aljihu ya ɗan yi nauyi, ƙungiya ɗaya za ta iya zagaya Gidan Sori, Tsibiri, Cadawa, Agye da Gazawa, tana bin ranakun kasuwa. Abin da biki ɗaya ba zai iya ɗauka ba, gari zai iya.

Don haka ga kirana. Magadan gari da masu sarauta, ranku ya daɗe: duk garin da ke da zauren taro, ko na matasa, ko farfajiyar makaranta ranar da ba karatu, a ware yini ɗaya a wata a buɗe wa makaɗa, da sharaɗi guda, ba kati, ba motsa baki, kowa ya buga da hannunsa. Ƴan kasuwarmu da ke ɗaukar nauyin ƙwallo da kokawa, gita biyu da ganguna da na'urar sauti da za a ajiye a matsayin kayan gari ba su fi ƙarfinku ba. Samarin fada, ku da kuka iya haɗa kuɗin shayi da sukari kullum, kun iya haɗa kuɗin tsirkiya. Ku je wurin tsohon mai goge ko mai gurmin unguwarku, ku durƙusa ku gaishe shi, ku ce Baba a koya mana; ku zaunar da shi kusa da mai gita ku ji abin da zai fito. Iyaye mata, masu kiɗan ƙwarya da shantu na cikinku su ma makaɗa ne, a ba su nasu lokaci. Mu kuma ƴan rediyo, aikinmu ne mu ɗauki na'ura mu je zauren, mu ɗauko wasan yadda yake, da guɗarsa da tsinkewar tsirkiyarsa, mu saka wa wanda bai samu zuwa ba, maimakon mu yi ta juya waƙoƙin da ke cikin salular kowa.

Ku kuma iyayen biki, wanda Allah ya hore wa, ko na awa ɗaya ne a kira masu hannu kafin a kunna lasifika. Amarya da ango za su ji sunayensu da na kakanninsu cikin waƙar da aka yi dominsu, makaɗi kuma ya samu na cefane da dalilin da zai koya wa ɗansa. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to sai a ba mai ita wurin tsayawa.

Nan za mu dakata a sharhinmu na yau. Wanda ke da ƙungiya, ko ya san wani makaɗi a ƙauyensu da ya kamata a ji, ya aiko mana da saƙo nan gidan rediyo, za mu neme shi. Wanda kuma bai yarda da ni ba, ƙofa a buɗe take, mu ji tasa hujjar a shiri na gaba. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu da maƙwabtanmu.